Yadda Muka Kai Wa Daso Maganinta

Tun da na dawo daga Nijar, yau wata huɗu ke nan, da wuya in zauna a majalisarmu ta Takur wani bai ce in sake ba da labarin ba. Na ba da shi ya fi sau goma, kuma na lura duk bayarwa sai ya ɗan canza a bakin masu ji, har akwai wanda ya je ya faɗa a ofis wai an kulle ni kwana uku a kan iyaka. Ba a kulle ni ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, iyakar abin da na riƙe, inda kuma ban tabbata ba in faɗa.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, bayan na gama jami'a da hidimar ƙasa an ɗauke ni a wani ƙaramin ofis a Dutse da aka ɗora wa haɗa makarantun firamare da asibitocin karkara. In malami ya ga yaro ba lafiya ya rubuta takarda, asibiti su duba shi kyauta su mayar da amsa. Abin da na fi taƙama da shi shi ne tsarin masu tarin fuka. Gwamnati ke ba da maganin, amma wata takwas ake shan sa kullum, in kuwa aka yanke a tsakiya ciwon kan dawo ya ƙi jin magani. Ni na kawo shawarar a riƙa ajiye maganin 'yan makaranta a wurin malamansu, a ba su da safe lokacin kiran suna, malami ya ga sun haɗiye ya sa alama a kati, ranar Juma'a ya ƙulle musu na Asabar da Lahadi. Aka yaba mini. Yara bakwai muka fara da su.

Wata Litinin da damina ina hanyar ofis wajen ƙarfe tara, sai na tarar da 'ya'yan maƙwabcina suna langa a ƙofar gida. Na ce me ya hana su makaranta.

"Baba Nasiru, ai an yi hutu. Yau sati biyu."

Ba ni da aure, ba ni da ɗa a makaranta, babu abin da zai tuna mini. Na zana wa tsarin nan fom iri huɗu, babu ɗaya da ya san ana dogon hutu.

Cikin kwana uku muka gano shida. Gidajensu kusa da asibiti suke, kuma malamansu sun fi ni tunani, sun miƙa maganin tun kafin su rufe aji. Ta bakwai ita ce Daso Buba, 'yar aji huɗu a wani ƙauye gaba da Aujara, tana wata na biyar. Saƙon da ya dawo daga can shi ne ba ta gari. 'Yar Fulani ce, iyayenta sun yi arewa da shanu tun farkon ruwa sun bar ta wurin gwaggonta saboda karatu, baffanta kuma ya zo ya tafi da ita. An ce sun tsallaka Nijar.

Sati guda na yi ina bin ogana kafin ya sa hannu. Ya rubuta mini takarda da Turanci, ya buga hatimi, ya ce, "Ka je, Nasiru. Amma in aka kama ka da kwalin ƙwaya a ƙasar mutane, ni ban taɓa ganin ka ba." Ina jin wasa yake. Har yanzu dai ban tambaye shi ba.

Na tashi ranar Talata a hayis ta hanyar Kiyawa. Ba a daɗe da fara shari'a ba, ana ta gyaran zama a motoci, mata baya maza gaba. Wata tsohuwa mai kwandon kuka ta riga kowa zama kusa da direba, ta ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Kwandasta ya yi lallashi ya gaji ya ce, "Iya, doka ce fa."

"Ɗan nan, direban nan jikana ya girme shi. In akwai mai jin tsoron fitina a motar nan ya sauka ya hau jaki."

Wani malami mai carbi da ke bayana ya ce shari'a ba ta hana tsohuwa miƙe ƙafa ba, a tafi. Muka tafi. Daga Kiyawa har muka rabu tana ba direba umarnin inda zai kauce wa rami.

Daga Aujara acaɓa na hau zuwa ƙauyen. A gindin darbejiyar asibiti na samu mutum biyun da na zo nema suna zaune a benci ɗaya: Malam Sabo hedimasta, dattijo mai ƙiba da saurin dariya, da Malam Garba incajin asibitin, siriri mai gilashi. Taubasai ne, abin da ban sani ba sai da na ji yadda suke magana.

"Ga wanda ya kulle maganin yarinya a kabad ya tafi noman gyaɗa," in ji Malam Garba.

"Ga kuma likitan da wata guda bai tambayi mara lafiyarsa ba. Kai ko akuyarka ce ta ɓata ai ka yi cigiya."

"Takarda ta ce makaranta ke bayarwa."

"Takarda ta ce asibiti ke bibiya."

Na ce musu dukkansu gaskiya suka faɗa, ni na rubuta takardar. Sai suka dube ni, kamar na ƙwace musu abin wasa. Malam Garba ya tashi ya haɗa sauran maganin na wata uku da 'yan kai a kwali ya ɗaure. Malam Sabo ya ce da shi za a je.

"Ka san fuskarta, Ɗan Jami'a?"

Ban sani ba. Sunanta na sani, da nauyinta, da lambar katinta.

"To ka gani. Ka shiga ruga ka ce Daso, biyar za su waiwayo."

Washegari muka kama hanyar Gumel. A cikin mota ne, bayan ya gama cin gyaɗar da ya cika aljihu da ita, ya sassauta murya ya gaya mini abin da bai faɗa a gaban taubashinsa ba. Ba ranar hutu aka tafi da yarinyar ba, sati guda kafin nan ne, da gama jarrabawa. Da baffanta ya zo, shi kuma ya buɗe gwangwanin maganinta ya ɗibar mata ƙwayoyi a hannu ya ƙulle a takarda.

Na ce, "Nawa, Malam?"

"Cikin hannu."

"Na kwana nawa ke nan?"

"Ɗan Jami'a, mutum yana tsaye da sanda yana jira, rana na yi. Ka ga hannun." Ya buɗe mini tafinsa, kamar zan iya aunawa.

Na yi lissafi a zuci. In muka same ta ranar Juma'a, kwana talatin da biyar ke nan rabonta da aji. Ko ta sha abin da ke takardar, ko ta yar, ko an raba wa masu tari a ruga, babu wanda ya sani.

A Maigatari mun sauka gidan wani dillalin shanu, tsohon ɗalibin Malam Sabo. Zaure ne babba, mu kusan goma sha biyar, Buzaye da Fulani da fatake daga kudu, kowa da buhunsa a matsayin matashi. Ni kwalin na yi matashi da shi. Da safe wuyana ya ƙi juyawa, wani Buzu ya kama kaina da hannu biyu ya murɗa ba tare da ya nemi izinina ba. Ya yi ƙara, amma ya saki, gaskiya.

Ranar Alhamis ce kasuwa. Ban taɓa ganin dabbobi masu yawan haka ba, raƙuma har da waɗanda ba su kai ni tsawo ba. Ni da na zo da suna da sunan uba a rubuce, na ɗauka da su za a yi cigiya. Mai masaukinmu ya ce Buba a kasuwar shanu sun fi ɗari. Tambayarsa ɗaya ce: yaya ake tsaga kunnen shanunsu? Malam Sabo ya rufe ido ya tuna, ya ce biyu a dama, ɗaya a hagu daga ƙasa. Kafin azahar an kawo mana wani mutum da ya sayar da bijimi mai wannan tsagar a madadin mai shi. Ya faɗi sunan garin da ke kusa da rugar, tafiyar rabin yini bayan iyaka, ya ce akwai ɗan asibiti a garin.

A kan iyaka, namu ba su tsayar da mu ba sosai. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ya dube mu, ni da takalmi sau-ciki da fayil, Malam Sabo da babbar riga, ya yi murmushi.

"'Yan Najeriya. Shaƙatawa aka zo?"

Ashe tun da aka rufe wasu wurare a wajenmu, mutanenmu kan tsallako ƙarshen mako, kowa kuma in an tambaye shi sai ya ce raƙumi ya zo tayawa. Na shiga yi masa bayanin aikina tun daga farko. Malam Sabo ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi fuskar yaron nan. Wannan ko a gidan biki aka ajiye shi ba zai shaƙata ba." Jandarman ya yi dariya ya tura mu wurin mai duba kaya.

Shi wannan bai yi dariya ba. Ya kwance kwalin ya ga ƙwayoyi, ya ce masu tallar magani a kan keke sun ishe su, kuma duk daga wajenmu suke fitowa. Ban ga laifinsa ba. Na miƙa takardar ogana. Ya juya ta, ya ce ba ya jin Turancin Ingila, kuma hatimi ɗaya ne a jiki, su a wurinsu takardar kirki ba ta tafiya da hatimi ɗaya. Sai na ga Malam Sabo ya zura hannu aljihu, ya ture gyaɗa, ya fito da hatimin makarantarsa. Ban san yana yawo da shi ba. Ya ce ai in ya bar shi a gida Garba zai iya buga wa kansa takardar gama firamare. Ya huhhura shi ya danna a ƙasan takardar ya sa hannu. Ni dai ban san dokar da ta yarda da haka ba, ban kuma san wadda ta hana ba.

Mutumin ya duba ya ce yanzu ta fara kama da takarda. Ya mayar da maganin, ya naɗe kwalin da igiya, ya ɗiga jan dako a kan ƙullin ya buga nasa hatimin. Ya ce kada kowa ya buɗe sai majo na garin da za mu. Majo shi ne incaji a wurinsu. Asibiti kuma likita suke ce masa, malamin makaranta mushe. Malam Sabo ya ce a kira shi duk abin da aka ga dama ban da wannan.

Wata tsohuwar landiroba ce ta ɗauke mu, mu da buhunan gishiri da awaki biyu. Babu kwalta, sai rairayi da gonakin gero, mota na bin sawun ta gabanta. Sau biyu muka sauka turi. Mun kwana a hanya a gidan mai garin wani ƙauye, inda aka kawo mana dambu da zogale da man shanu, da wani busasshen cuku mai faɗi kamar takarda wanda na kusa barin haƙori a cikinsa. Sai daga baya na ga su a shayi suke tsoma shi. Shayin kuma zagaye uku ne a 'yan ƙananan kofuna, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Na tashi bayan na farko. Aka dawo da ni.

Mun isa garin ranar Juma'a da rana tsaka, muka tarar da asibitin a rufe. Hankalina ya tashi, na ɗauka su ma hutu suke. Wani mai faci ya ce a'a, barcin rana ne, duk ma'aikacin gwamnati a ƙasar yana rufewa ya je ya kwanta, sai bayan uku ya dawo. Malam Sabo ya ce ashe an daɗe ana cutar mu. Muka yi sallar Juma'a, muka sayi burodinsu dogo mai tauri kamar sandar makiyayi, muka zauna jira.

Majon, Malam Isufu, baƙi ne dogo mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya yanke igiyar, ya duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya duba katin. Ya ce irin nasu ne, kala ce ta bambanta.

"Da kun ba ta 'yar takarda ta kawo mini, da ban bari ta yi fashin kwana ɗaya ba. Muna da shi a nan, mu ma kyauta ne."

Na ce ba mu da fom na wanda ya bar gari. Ya dube ni ta saman gilashi, kallon da ya fi mini zafi a kan a ce ya yi faɗa. Sannan ya faɗi yadda abin yake. In fashin bai kai wata ɗaya ba, za ta ci gaba daga inda ta tsaya, a ƙara kwanakin a ƙarshe. In ya wuce, sai an gwada kakinta, kuma mai yiwuwa a koma farko, da allura kullum har wata biyu a babban gari. Ya ce a iya saninsa Bafulatani bai cika yarda da wannan ba, yakan ɗauke ɗansa ne a shiga daji, shi ke nan.

Ya hau babur ya yi gaba, mu muka bi a amalanken shanu. Rugar na bayan wani tafki, bukkoki biyar ko shida. Tun daga nesa wata yarinya siririya mai kitso biyu ta ajiye ƙwarya ta sheƙo da gudu, ta zo daf da amalanken ta tsaya cak, ta haɗa ƙafafu ta sa hannu a baya.

"Gud monin sa."

La'asar ce sakaliya. Malam Sabo ya ce, "Monin, Daso," ya shiga neman wani abu a aljihu wanda ban ga ya samo ba.

Aka shimfiɗa mana tabarma. Mahaifinta, Malam Buba, ya zo muka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi shanu da ruwa da hanya. Kakarta, Inna Dudu, ta zauna daga gefe. Da majo ya kawo zancen magani, Malam Buba ya yi mamaki na gaskiya.

"Ba na makaranta ba ne? Ai na ɗauka in an rufe boko an rufe da shi. Kamar littafi. In an koma a ci gaba."

Mu muka haɗa shi da kiran suna da ƙararrawa, don me ba zai ɗauka haka ba?

Majo ya tambayi kwana nawa rabonta da sha. Malam Buba ya ce ba a daɗe ba, yana kallon wajen shanu. Inna Dudu ta ce tun wancan watan. Baffan da ya ɗauko ta ya ce shi bai ga an ba ta komai ba. Sai yarinyar ta raɗa wa Malam Sabo wani abu, ya ce ta je ta ɗauko.

Littafin lissafinta ta kawo, a naɗe cikin leda. A shafin ƙarshe ta ja layuka da bakin wuƙa ko wani abu, ta yi gidaje kamar rajistar aji. A sama ta rubuta Magani, a wurin da ake rubuta sunan ɗalibi. Kowace rana da gidanta. Na farko duk alamar ya zo ce, irin wadda Malam Sabo ke yi, har da ɗan lanƙwasan da yake wa jelarta. Daga nan sai sifiri, sifiri, sifiri, alamar bai zo ba.

Majo ya bi da ɗan yatsa. Goma sha shida ya zo. Goma sha tara bai zo ba. Ya sake bi daga ƙasa zuwa sama.

"Bai kai wata ba," ya ce. "Gobe za ta ci gaba."

"Cikin hannu," in ji Malam Sabo yana kallona. "Ka ji ko? Kwana goma sha shida. Ka rubuta a fom ɗinka."

Ya tambaye ta don me take sa sifirin. Ta ce don in an koma ta nuna masa ba ita ta ƙi zuwa ba.

Saura wanda zai riƙa ba ta. Na fara tambaya ko akwai malamin makaranta a kusa, majo ya ce nasu hutun ya fi namu tsawo. Shi ba ya neman mai ilimi, wanda ake gani kullum yake nema. A bakin kasuwar garin akwai wata mai fura, Iya Hajo, wadda matan ruga ke kai wa nono kowace safiya, Daso ma tana cikin masu kaiwa. Shekara da shekaru ita ke riƙe masa maganin masu tari.

"Fura ba ta hutu," ya ce. "Ko ranar salla sai an dama."

Amma akwai sharaɗi, yarinya ta zauna inda ƙafa za ta kai ta garin har wata uku da 'yan kai. Baffan ne ya amsa, ya ce ciyawar wurin ta kusa ƙarewa, jibi ko gata za su ƙara gaba, tafiyar kwana huɗu. Majo ya yi bayani, Malam Sabo ya yi, ni ma na yi nawa mai tsawo. Malam Buba bai dubi yarinyar ba ko sau ɗaya, bai kuma ambaci sunanta ba. Ya ce shanu ba sa jiran mutum. Ya tashi ya tafi wajen garke.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Malam Sabo a hankali wane irin uba ne wannan. Ya ce, "'Yar fari ce. Yi shiru ka sha nononka."

Can sai ga shi ya dawo yana jan wata jar saniya mai sheƙi, da ɗan maraƙinta a baya. Ya tsaya a gabanmu yana magana da baffan, ba da mu ba. Ya ce saniyar nan ƙafarta ta baya ba ta yi masa daidai ba, ba za ta iya tafiyar kwana huɗu ba. Dole a bar ta a nan. Tsohuwa ma ta gaji da yawo, sai ta zauna da ita. Kuma tsohuwa ba za ta iya kai nono gari ba, sai a bar mata wata daga cikin yara.

Ni kuwa na dubi ƙafar, na ga saniya na takawa lafiya lau. Don in taimaka, na ce in akwai malamin dabbobi a garin ai sai a kira shi ya duba, wataƙila ƙaya ce kawai, a cire su tafi da abarsu. Malam Sabo ya ɗora ƙafarsa a kan tawa ya danna da dukan nauyinsa, shi kuwa ba ƙaramin mutum ba ne.

"Wannan ciwon ba na malamin dabbobi ba ne," ya ce. "Na san irinsa. Wata uku yake ɗauka, da 'yan kai."

"Haka nake gani," in ji Malam Buba.

Inna Dudu ta ja mayafi ta rufe baki. Sai a lokacin na gane. Daga baya baffan ya gaya wa Malam Sabo cewa duk garken babu saniyar da ta kai ta nono.

Da sassafe muka bi su gari. Rumfar Iya Hajo 'yar ƙarama ce, a jikin azara ta rataye gwangwanaye uku, kowanne da tsumma mai kala daban a wuya. Ta ɗaura wa na Daso shuɗi. Ba ta karatu, sai majo ya ƙirga mata ƙwallayen dabino daidai kwanakin da suka rage ya zuba a ƙoƙo, kullum in an sha ta ɗauke ɗaya. Ta karɓi ƙwaryar nonon, ta ba yarinyar ƙwayoyi da ruwa a ludayi.

"Buɗe. Ɗaga harshe. To, Allah ya ba da lafiya. Gobe in kika makara ni da kaina zan zo rugar, kuma ba da fura zan zo ba."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi Malam Sabo ko ni ma mai tarin ne, ta ga na rame.

Dawowa ba ta da labari sosai, ban da cewa landirobar ta mutu a hanya mun ƙarasa iyaka a kan buhunan wake. Na koma ofis na zana fom na biyar, na wanda zai bar gari, na kuma sa a tambayi kowane yaro tun ranar farko wa yake gani kullum. Ko zai yi aiki, Allah ne masani. Na riga na ga yadda abin da na tabbata da shi ya ƙare.

Kusan wata huɗu na yi ba labari. Ba waya, ba gidan waya a can da na sani. Nakan ce a raina wataƙila ciyawa ta ƙare sun tashi, wataƙila tsohuwa ta yi ciwo, wataƙila Iya Hajo ta gaji. Sai makon jiya wani direban motar shanu ya tsaya a ƙofar ofis da ambulan da ta sha hannu, daga majo zuwa dillalin Maigatari, daga shi zuwa Malam Sabo, shi kuma ya turo mini bai buɗe ba. A ciki akwai katin Daso da wata 'yar takarda mai hatimi uku, duk da Faransanci.

Babu mai jin Faransanci a ofishinmu. Na zaga sakatariya ban samu ba. Aka ce akwai wani bakanike mutumin Damagaram a bayan tasha, na same shi a ƙarƙashin mota. Ya fito ya goge hannu a wando, ya riƙe takardar daga gefe-gefe don kada ya ɓata ta. Ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Ya ce an gwada kakinta sau biyu bayan ta gama, ba a ga komai ba, majo ya rubuta ta warke.

Na ce ya ƙara dubawa, ko akwai wani abu a ƙasa, ko a baya.

Ya juya takardar ya nuna mini bayanta fari fat.

"Malam, ta warke. 'Yarka ce?"

Na ce a'a. Na tsaya zan yi masa bayani, sai na ga yana da mota a buɗe tana jiran sa. Na yi masa godiya na karɓi takardata.